Oga Ya Ce In Cire Sunanta Saboda Ta Taɓa Yin Kuturta

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce a nan Katsina, ban daɗe da kama aiki ba. An ba mu shirin koya wa zawarawa da mata marasa ƙarfi sana'ar haɗa sabulun ruwa da man shafawa, in an gama a ba kowacce ɗan jari. Ni na bi gida-gida na rubuta sunaye bisa sharuɗɗan da aka gindaya. Cikin waɗanda suka cancanta akwai wata baiwar Allah, zan kira ta Inna. Mijinta ya rasu, tana riƙe da marayu, kuma ta yi ciwon kuturta shekarun baya. Ta sha magani ta warke, sai dai yatsunta sun dungule. Ranar da ta fara shigowa aji, matan da ke kusa da ita suka janye tabarmarsu. Wata ta ce ba za ta taɓa bokitin da Inna ta taɓa ba, wata ta ce wa zai sayi sabulun da kuturwa ta sa wa hannu. Washegari mazan wasu daga cikinsu suka kira shugabanmu. Shi kuma ya kira ni ya ce in cire sunanta in sa wata, wai kada mutum ɗaya ya ja wa sauran, zai ba ta wani abu daga aljihunsa ta yi cefane. Da baki ya faɗa, bai rubuta ba. Maigidana ya ce in bi umarni, samun aiki yanzu ba wasa ba ne. Ni kuma na kasa barci. Kuma Anti ba zan ɓoye miki ba, ni ma in na gaisa da ita sai in faki ido in wanke hannu, don ina da goyo. Shin akwai dokar da ta hana a cire ta? Yaya zan yi in tsira da aikina ba tare da na ci amanarta ba?

Ƙanwarki, daga Katsina

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya yi miki albarka da kika tsaya neman shawara kafin ki ɗora biro a kan takardar nan. Amsar tambayarki ta farko ita ce e, akwai doka, kuma cire Inna saboda dungulallun yatsunta laifi ne a ƙarƙashinta. Shawarata a dunƙule: kada ki goge sunan nan da hannunki. Amma in na miƙa miki doka kawai na yi shiru, gobe za ki koma aji ki tarar da tabarmar nan a janye yadda kika bar ta. Don haka bari mu fara da tsoro, kuma da naki za mu fara.

Ban ga laifinki ba a wanke hannun nan. Uwa ce ke, kuma duk mun tashi muna jin abin da ake faɗa a kan kutare tun muna yara. Sai dai abin da likitoci suka tabbatar ya saɓa wa yawancin abin da muka ji. Ƙwayar cuta ce ke kawo kuturta, wani likita ɗan ƙasar Nowe mai suna Hansen ya gano ta a 1873. Ba gado ba ce, ba baki ba ne, ba kuma cin wani abinci ke kawo ta ba. Tana bin ɗigon majina da yawun wanda bai fara shan magani ba, shi ma sai an yi watanni ana cuɗanya da shi kusa da kusa. Ba a ɗaukar ta ta musabaha, ko zama tabarma ɗaya, ko cin tuwo kwano ɗaya. Jikin mafi yawan mutane ma, kusan 95 cikin 100, yana iya kare kansa daga ita ko da sun haɗu da ƙwayar. Maganinta haɗin ƙwayoyi uku ne da ake sha wata 6 ko wata 12, gwargwadon nau'in ciwon, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke samar da shi kyauta. Da zarar mutum ya fara shan sa, ya daina yaɗa cutar. To ina ga wadda ta gama shi shekaru da suka wuce?

Yatsun nan da ke firgita matan ajinku tabo ne ciwon ya bari ya tafi. Cutar tana kashe jijiyoyin da ke sa mutum ya ji zafi. Sai mace ta sauke tukunya daga murhu ta ƙone ba ta sani ba, ko ƙaya ta soke ta tana tafiya a kai har gyambo ya kama, a hankali yatsan ya lalace. Wanda kike gani da dungu, sau da yawa shi ne wanda ya daɗe da rabuwa da ƙwayar. Saboda haka goyonki ba ya cikin haɗarin komai daga Inna. Ki ci gaba da wanke hannu kafin ki ba shi nono kamar yadda kowace uwa za ta yi bayan ta dawo daga aiki. Abin da nake roƙonki ki bari shi ne tashi da sauri bayan kun gaisa. Kina ganin a ɓoye kike yi, amma wanda aka daɗe ana ƙyama ba abin da ya kai shi lura da irin wannan. Matan ajin ma suna kallonki.

Yanzu doka. Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 42, ya hana a tauye wa ɗan ƙasa wani abu ko a fifita wani a kansa saboda ƙabilarsa, ko garin asalinsa, ko jinsinsa, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa, ko yanayin haihuwarsa. Wannan sashe ya shafi duk wani mataki da jami'in gwamnati zai ɗauka a bakin aiki, har da rubuta sunayen masu cin gajiyar tallafi. Ki riƙe shi da kyau, don watarana za a zo miki da cewa wance ba 'yar asalin jiha ba ce, ko mijinta ba ɗan jam'iyya ba ne. Amma in kin karanta shi za ki ga bai ambaci nakasa da sunanta ba. Sashe na 34 ne ya ba kowa haƙƙin a kiyaye mutuncinsa. Giɓin da ya rage shi ya sa masu buƙata ta musamman suka yi shekaru suna fafutuka, har Majalisar Tarayya ta zartar da Dokar Hana Nuna Wariya ga Masu Nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa wa hannu a watan Janairun 2019.

Sashen farko na wannan doka ya ce ba wani mutum ko wata hukuma da za ta nuna wa mai nakasa wariya saboda nakasarsa, ta kowace hanya, a kowane hali. In mutum ɗaya ne ya karya, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko a haɗa masa duka biyun. In kamfani ne ko ƙungiya, tarar naira 1,000,000. Wanda aka zalunta kuma yana iya shigar da ƙarar neman diyya daban. Dokar ta ce a fara sallamar masu nakasa in an yi layi, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati, ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keken guragu zai iya shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Ta kuma hana a yi amfani da mai nakasa wajen bara. A ƙarƙashinta aka kafa Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa a 2020. Tun kafin nan, a Disamban 2010, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri na musamman a kan kawar da wariya ga waɗanda kuturta ta shafa da iyalansu.

Ki lura da wannan magana ta hana bara. Manufar dokar gaba ɗaya ita ce mai nakasa ya tashi daga bakin titi ya kama sana'a. Inna ta zo da ƙafarta neman sana'a, ana so a sallame ta da kuɗin cefane. Kuɗin nan zai ƙare kafin mako ya zagayo, marayun kuma suna nan. Gurbin da ta samu ba alfarma kika yi mata ba, sharuɗɗa ta cika kamar kowa. Ba naki ba ne, ba na oga ba ne, balle wani ya musanya mata shi da sadaka.

Ba zan yaudare ki ba, aiwatar da dokar nan yana da rauni. Ke kanki kin san ofisoshin da har yau matakala ce kaɗai hanyar shiga. Ba kuma ina nufin ki tsoratar da kowa da gidan yari ba. Amfaninta a wurinki shi ne ta ba ki abin dogaro in za ki ce a'a. Ba taurin kai kike yi ba, ba kuma tausayin mata ne ya ɗebe ki ba. Abin da aka sa ki ne doka ta hana, kuma sa hannunki ne zai bayyana a takardar, tunda shi da baki ya faɗa. Ranar da masu bincike za su tambayi dalilin canza suna, ke za a kira.

Shugabanki kuma kada ki ɗauke shi azzalumi tun yanzu. Mutumin da ya ce zai ciro kuɗi daga aljihunsa, zuciyarsa ba ta bushe ba. An kira shi a waya an matsa masa, yana tsoron mata su watse shirin ya rushe a hannunsa, sai ya zaɓi hanyar da ta fi sauƙi. Mai yiwuwa ma bai taɓa karanta dokar ba. Ki same shi shi kaɗai, ba a gaban ma'aikata ba, kuma ba a lokacin da ofis ya cika ba. Ki gaishe shi yadda ya kamata, ki ce, "Ranka ya daɗe, na yi tunani a kan maganar Inna. Na duba na ga dokar 2018 ta hana mu cire ta saboda larurarta, kuma ina tsoron kada abin ya dawo kan ofishinmu. Ina roƙon a ba ni mako biyu in gwada shawo kan matan. In sun zauna, shi ke nan." Kin ga ba ki ƙaryata shi ba, ba ki kunyata shi ba, kin kuma kawo masa mafita daga abin da ke damunsa. In ya dage, ki ce cikin ladabi, "To ranka ya daɗe, a taimaka a rubuto min umarnin da dalilinsa, in sa a fayil." Da wuya shugaba ya yarda ya rubuta cewa a cire mace saboda ta taɓa kuturta. Sau da yawa a nan maganar take mutuwa.

Kafin ki je wurin oga ma, akwai wadda ya kamata ki fara gani, ita ce Inna. Duk ana ta magana a kanta, ba wanda ya tambaye ta. Ki je gidanta, ki zauna a tabarmarta, in ta miƙo ruwa ki sha. Ki gaya mata gaskiya cewa wasu sun yi ƙorafi, kuma ke kina so ta ci gaba, sannan ki ji ta bakinta. Wataƙila ta ce ta saba, za ta jure. Wataƙila ta ce ta gaji da wulaƙanci, ba za ta koma ba. In ta faɗi haka kada ki yi saurin karɓa, ki tabbata ba kunya ce ke magana ba, amma kada ki tilasta ta zama abin misali. Ita za ta zauna cikin matan nan, ba ke ba.

Ki kuma nemi izininta kafin ki buɗe wa kowa tarihin ciwonta. Larurar mutum sirrinsa ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta killace bayanan marar lafiya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu. Ganin yatsunta da kowa ke yi bai ba mu damar tsayar da ita gaban aji muna bayani a kanta ba. In ta amince, ku nemi takardar shaidar cewa ta kammala magani. Jami'in kula da tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukumarku zai iya taimakawa, haka ma asibitin Babbar Ruga da ke kusa da birni, wanda aka daɗe da sani da kula da masu wannan larura. Takardar ta kwantar da hankalin oga ce, ba sharaɗi ba ne da za a ɗora mata ita kaɗai. In an duba ta an ga tana da wani gyambo da ke buƙatar kulawa, a yi mata magani, gurbinta na jiran ta.

Su matan ajin fa? Su ma talakawa ne, zawarawa irinta, kuma abin da aka gaya musu tun suna yara suke aiki da shi. Faɗa da gori ba za su gyara su ba. Ki gayyato ma'aikaciyar lafiya ta yi musu bayani a kan kuturta gaba ɗaya, ba tare da nuna kowa da yatsa ba, ta bar su su yi tambaya har su gaji. Za ki ji wata ta kawo hadisin da ya ce a guje wa kuturu kamar yadda ake guje wa zaki. Kada ki yi jayayya da ita, hadisin yana cikin Bukhari. Ki zo da malama ko malamin da suke girmamawa ya bayyana musu cewa kariya daga kamuwa da cuta ake nufi, kuma wadda ta warke ba ta da abin da za ta sa wa wani. Ya tuna musu farkon Suratu Abasa, da aka saukar a kan makaho Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda daga baya ya zama ladanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har yakan bar masa riƙon Madina in zai yi tafiya. Ya karanta musu ayar Suratul Hujurat da ta hana mata su yi wa mata izgili, don mai yiwuwa waɗanda ake yi wa sun fi su alheri. Mazan da suka buga waya kuwa, ba ke za ki tunkare su ba. Mai unguwa da liman za su fi ki iya wa wannan, ki roƙi oga ya shigo da su. A kowane taron mata akwai wadda in ta zauna sauran za su zauna. Ki gano ta, ki same ta a gida tun kafin ranar.

Maganar wa zai sayi sabulun ba wasa ba ce, kada ki share ta. Tsoron kasuwa tsoro ne na gaske ga wadda jarinta bai taka kara ya karya ba. Amsarta ita ce kowa a ajin ya sa safar hannu, a zuba kaya a robobi masu murfi da tambari ɗaya, a sayar da sunan ƙungiya. Ƙwayar kuturta ba ta bin sabulu ta shiga gidan kowa.

Akwai kuma abin da ya fi damuna fiye da duk surutun nan, wanda ba wanda ya ambata. Ana haɗa sabulu da soda mai cin fata. Ke in ta ɗiga miki a hannu, nan take za ki yi tsalle ki nemi ruwa. Inna mai yiwuwa ba za ta ji komai ba sai fatar ta saɓule. Haka man da ake narkarwa a wuta. Ashe in akwai mai haɗari a ajin nan, ita ce. Adalci a aikinmu bai tsaya ga barin sunanta a takarda ba, sai an gyara aikin yadda za ta iya yin sa lafiya. A samo mata safar roba mai kauri da ta kai gwiwar hannu. A naɗe mariƙin muciya da tsumma ko robar taya ya yi kauri yadda zai zauna a tafinta. Wata ta riƙa zuba soda, ita ta yi juyi, ko awo, ko liƙa tambari, ko riƙe lissafi in tana da karatu. Kullum in an tashi ta duba hannayenta da ƙafafunta ko akwai rauni. Ki tambaye ta abin da take iyawa, za ki sha mamaki, don wadda ta yi shekaru tana tuƙa tuwo da waɗannan hannaye ta san dabarun da ba mu sani ba. In ita da kanta ta ga kiwon awaki ko ƙaramin tebur na kayan miya zai fi mata, a juya jarinta can, cikakke, daidai da na kowa. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a ware mata lungu ko a ce ta riƙa zuwa bayan kowa ya tashi, don a faranta wa masu ƙyama.

In duk wannan bai yi ba, aka cire ta ta bayan fage, to ki bi matakan ofis. Ki rubuta takarda gajera zuwa ga na gaba da shugabanki, ta hannunsa kamar yadda ƙa'idar aiki ta tanada, ki faɗi abin da ya faru ba zagi ba ƙari, ki ajiye kwafi a gida. Tun yau ki fara rubuta ranaku da abin da aka ce da wanda ke wurin. Ki sanar da Inna cewa tana da inda za ta kai kuka kyauta: Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975 don irin wannan rashin adalci na ofisoshi, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Ƙungiyar masu nakasa ta JONAPWD za ta iya tsaya mata, lauyoyi mata na FIDA da Hukumar Ba da Agajin Shari'a kuma za su duba mata hanyar kotu in abin ya kai can. Ƙorafin nata ne, ke jagora ce kawai. Ke ma ki nemi wata babba a ƙungiyarku ta ma'aikatan jin daɗin jama'a ki sanar da ita, kada ki ɗauki kayan nan ke kaɗai. Abu ɗaya nake gargaɗinki: kada ki kai maganar Facebook ko zauren WhatsApp, kada ki ɗauki hoton hannunta. Wannan zai tona mata asiri, ya kuma ba wanda ke neman laifinki makami.

Maigidanki yana da gaskiyarsa, kada ki raina tsoronsa. Zai yiwu a ɗaure miki fuska na ɗan lokaci, ko a daina sa ki a wasu ayyuka, ko ma a yi miki canjin wurin aiki. Amma korar ma'aikacin gwamnati tana da matakai, sai an ba shi takardar tuhuma an ji ta bakinsa, kuma neman a rubuto umarni cikin ladabi ba laifi ba ne. In ba a tabbatar da ke a aiki ba tukuna, ki ƙara taka-tsantsan da harshe da zuwa a kan lokaci, kada a sami wata kafa. Ki zaunar da shi bayan ya ci abinci ya huta, ki nuna masa cewa wadda ta canza suna ba takarda ita ce aikinta ke cikin haɗari, ba wadda ta bi ƙa'ida ba. Ki nemi addu'arsa.

Ki fara da gidan Inna gobe da yamma, jibi ki ga oga, sannan ki nemi ma'aikaciyar lafiya da malamar kafin zama na gaba. Ki rubuto min yadda kuka yi da shi, musamman in ya ƙi ba ki mako biyun, sai mu duba yadda za ki tsara takardar. Allah ya dafa miki, ya raya miki goyonki.

Antinku